Kuɗina na ƙaramin banki a Amurka, in kwashe in sai shaguna a Kano?

Wani ɗan'uwa da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York ya turo min saƙo, ya ce shi gadi yake a wani tsohon benen ofisoshi a Manhattan, hawa uku sun fi shekara a kulle babu ɗan haya, dare ya yi shi kaɗai ke zagayawa yana duba ƙofofi. Ya tara dala dubu 38 a wani ƙaramin banki, ya ji ana cewa irin bankunan nan ne suka ba masu benaye bashi kuma za su durƙushe. Yayansa kuma ya matsa masa a waya wai ya turo kuɗin a kama masa shaguna biyu a wata filaza a Kano tun kafin a yi asara.

Toh ɗan'uwa, ka fara kwantar da hankalinka tukuna, kuɗinka ba su ne ke cikin haɗari ba.

Abin da ka ji ba ƙarya ba ne. Tun korona mutane suka saba aiki daga gida, kamfanoni suka rage girman ofis, a 2024 kusan kashi 20 cikin ɗari na ofisoshin manyan biranen Amurka babu kowa a ciki, San Francisco ma ta haura kashi 30. Sannan babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili a Maris 2022 zuwa sama da kashi 5 a Yulin 2023. Shi kuma bashin irin waɗannan benaye ba kamar na gidan zama ba ne da ake biya shekara 30, yawanci shekara biyar zuwa goma ne, wa'adi na cika sai mai bene ya sake cin wani bashin ya biya na farko, to ka ga mutumin da ya ci bashi da arha yanzu zai sabunta da tsada alhali 'yan hayarsa sun watse, darajar benen kuma ta faɗi. Kaso mafi yawa na irin bashin nan da ke hannun bankuna yana wajen ƙanana da matsakaita ne. A garinku ma an gani, ƙarshen Janairun 2024 New York Community Bank ya sanar da asara, hannun jarinsa ya zube da fiye da kashi ɗaya cikin uku a yini guda, sai da aka zuba masa sama da dala biliyan 1 a watan Maris. An fara sauke kuɗin ruwa tun Satumbar 2024, sababbin benaye masu kyau suna samun 'yan haya, tsofaffi irin wanda kake gadi su ne dai har yanzu da sauran kallo, wasu ma ana mai da su gidajen kwana.

Amma mai hannun jari daban, mai ajiya daban. In bankinka yana da inshorar FDIC, wato hukumar gwamnatin Amurka mai kare ajiyar mutane a banki, gwamnati ta tsaya maka har dala dubu 250, ko kai ɗan ƙasa ne ko ba ɗan ƙasa ba, ba ruwansu da launin fasfo ɗinka. Tun 1933 da aka kafa ta babu wanda ya rasa ko sisi daga ajiyar da inshorar ta rufe. Silicon Valley Bank ya faɗi 10 ga Maris 2023, bankin First Republic ya bi baya 1 ga Mayu, bankin JPMorgan ya karɓe shi, masu ajiya suka wayi gari katinsu na aiki. Ka duba ƙofar bankin ko shafinsu za ka ga tambarin. Abu ɗaya dai, in kuɗin a manhajar waya suke ba a banki kai tsaye ba to wannan wata magana ce, a 2024 da kamfanin Synapse mai haɗa irin manhajojin nan da bankuna ya rushe mutane sun yi watanni kuɗinsu a maƙale.

Ni abin da ya fi damuna aikinka ne wallahi. Benen da hawa uku a cikinsa ke kulle ana iya sayar da shi ko masu bashi su karɓe, sabon mai shi ya zo da kamfanin gadinsa. Birnin New York na da dokar da ke sa a riƙe ma'aikatan manyan gine-gine kwana 90 in an canza hannu, in kana cikin 32BJ, ƙungiyar ƙwadagon masu gadi da ma'aikatan gine-gine, ka je ka tambaye su ko ta shafi benenku, kuma kar ka bari lasisin gadinka ya ƙare. Mutumin da aikinsa ke rawa shi ne ya fi kowa buƙatar kuɗin haya na wata shida a kusa da hannu, ba a cikin bulo da siminti a Kano ba.

Maganar yaya kuma, ban ce yana da mugun nufi ba, Allah ya bar zumunci. Amma ku yi lissafi. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya canza dalarsa ya kama shago kafin nan, hayar da yake karɓa yau in ya mai da ita dala sai ya riƙe baki. In kana son shagon don ranar komawa gida, madalla, ka saya da wani kaso, takarda da sunanka, lauyanka daban ya duba ta a ma'aikatar ƙasa, ka ga shaidar biya da idonka. Kuma in ka buɗe asusu a Najeriya har abin da ke ciki ya haura dala dubu 10 ko na kwana ɗaya ne, dole ka cike takardar FBAR ta wannan shekarar, wato wadda ake sanar da gwamnatin Amurka asusun da ke ƙasar waje, mutanenmu da yawa na mantawa da wannan.

Ka kira yaya da daddare bayan isha'i, ka gaya masa kuɗin na nan lafiya lau, ya turo maka hoton takardun filazar da sunan mai ita ka fara gani.