Garejin kwanan babura a Agege: yi wannan lissafin kafin ka biya haya

Wani ɗan kasuwa mai shagon hatsi a unguwar Agege ta Legas ya aiko da tambaya, ga ta a taƙaice: "Bayan shagona akwai fili mai katanga da zai ɗauki babura kamar 40. Mai gidan ya ce in ba shi naira 600,000 a shekara. Yaranmu 'yan acaba da yawa ba su da inda za su ajiye mashin da dare, wasu a bakin masallaci suke ɗaure shi, wasu a kansa suke barci. Ina so in riƙa karɓar naira 300 kowane dare. Da rana kuma in bar su su yi fakin a gaban shagona, bakin titi, in karɓi naira 100. Shin harkar za ta fitar da ni?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kasuwanci biyu ka haɗa a tambaya ɗaya. Na cikin katanga akwai alheri a cikinsa idan ka gyara lissafi. Na bakin titi kuwa, don Allah ka cire shi daga ranka tun yau.

Bari in fara da na bakin titin, don shi ne mai saurin jawo asara. Abin da ke tsakanin ƙofar shagonka da kwalta, da kan kwata, da inda masu tafiya a ƙasa ke bi, ba naka ba ne, ba kuma na mai gidanka ba ne. A idon gwamnatin Legas wurin jama'a ne. Akwai hukuma sukutum, LASPA, da aka ɗora wa kula da harkar fakin a jihar, har da irin wannan ɗan sarari na gaban gini. A 2022 an yi ta ce-ce-ku-ce a garin nan kan wata takardarta da ta nemi wani kamfani ya biya naira 80,000 a shekara kan kowane gurbin mota ɗaya da ke gaban gininsa. To wurin da gwamnati ke cewa ita ke da ikon karɓar kuɗinsa, kai kuma ka tsaya kana yanka naira 100, ka ga ka shiga gonar da ba taka ba. Ga LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa, da ke kama duk abin da ya tare hanya, ga jami'an tsaftar muhalli da ake kira 'yan KAI masu korar abin da aka jibge kan hanyar masu tafiya a ƙasa. Kuma babura goma a jere bakin titi, masu su na zaune a kai, babu jami'in da zai kira wannan fakin. Tasha zai kira shi, tashar da ba ta da izini. Ranar da motar 'yan Task Force, jami'an da ke kama babura, ta tsaya, babu mai sauraron cewa "ajiyewa kawai muka yi". Yaran da suka ba ka naira 100 kuwa kai za su zo su tsaya wa, domin a ganinsu kuɗin tsaro suka biya.

Akwai kuma asarar da ba a gani da wuri. Mai motar da ya zo ɗaukar buhun masara goma, idan ya tarar an toshe ƙofa, shagon gaba zai wuce. Ribar buhu goma nawa ce, naira 100 sau goma kuma nawa ce?

Yanzu ga na cikin katanga. Kafin mu taɓa kuɗi sai ka san ƙasar da kake takawa, domin abokan cinikinka mutane ne da doka ke ta matse wa wuri shekara da shekaru. A 2012, zamanin Gwamna Fashola, aka hana acaba bin hanyoyi 475. A ranar 1 ga Fabrairu, 2020 gwamnatin Sanwo-Olu ta tsananta, har kamfanoni irin su Gokada suka bar ɗaukar fasinja suka koma kai saƙo. A ranar 1 ga Yuni, 2022 aka haramta acaba kwata-kwata a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, kuma a kwanakin farko na watan Yunin aka murƙushe babura sama da 2,000 da aka kama. Da Satumba ta kama aka ƙara Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Ka duba da kyau: Mile 12 tana cikin Kosofe, Idi-Araba tana cikin Mushin, wato unguwanninmu na Hausawa ne aka shafa. Agege ba ta cikin waɗannan goman, shi ya sa babura suka taru a wajenku, shi ya sa kuma kake ganin kasuwa. Amma titin Agege Motor Road da babban titin Legas zuwa Abeokuta suna cikin waɗanda aka hana, kuma Ikeja na nan kan iyakarku. Sanarwa ɗaya daga Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, ta isa ta kwashe maka rabin abokan ciniki cikin mako guda. Saboda haka kar ka biya hayar shekara biyu gaba ɗaya, kar ka zuba siminti da rufin kwano na miliyoyi a filin da ba naka ba.

To mu zo lissafi. Babura 40 sau naira 300 sau kwana 30, naira 360,000 ke nan a wata, kuma na san wannan adadin ne ya faranta maka rai. Amma gareji ba ya cika kullum. Da damina wasu za su tafi gida noma, da Sallah gari ya watse, wani an kama masa mashin, wani zai ce "Alhaji a rubuta, sai gobe". Mu ce 30 ne ke biya, naira 270,000. Haya za ta ci 50,000 a wata. Maigadi ɗaya ba zai iya ba, domin ɗan Adam ne, zai yi gyangyaɗi, zai tafi alwala. Biyu kake buƙata, kuma idan ka ba kowa mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wato 70,000, an tafi da 140,000. Ka ware kamar 20,000 na fitila da kwado da sarƙa da kuɗin unguwa. Abin da ya rage a hannunka naira 60,000 ne.

Ba laifi, kuɗi ne. Sai dai sabon babur ƙirar Boxer yanzu ya haura naira miliyan ɗaya. Idan ɗaya ya ɓace a hannunka, ribar sama da wata 16 ta tafi a dare guda. Nan ne zuciyar wannan harka take, Alhaji. Ba fili kake sayarwa ba, amana kake karɓa. Kuma yawancin yaran nan ba su gama mallakar mashin ɗin ba. Wani uban gida ne ya saya masa yana kawo balas kullum, wani biyan kaɗan-kaɗan yake yi a farashin da ya fi na kasuwa. Idan ya ɓace, yaro ya rasa abin nema ga bashi a wuya, kai kuma a masallaci ɗaya kuke salla da shi. Allon nan da ake kafawa cewa kowa ya ajiye abinsa babu ruwan mai wuri ba zai wanke ka a gaban Sarkin Hausawa ba idan aka tabbatar maigadinka barci ya yi, ko ƙofa aka bari a buɗe. Malamai ma abin da suke faɗa ke nan game da ajiya: wanda ya yi sakaci shi zai biya.

Don haka tsarin ya fi kuɗin shiga muhimmanci. Ƙofa ɗaya tak. Babban littafi da za a rubuta sunan mai mashin, lambar wayarsa, lambar mashin da lambar inji, da sunan wanda ya tsaya masa. A ɗauki hoton takardun mashin da waya tun ranar farko. Wanda ba shi da takarda kar ka karɓa, ko ɗan garinku ne, domin ranar da 'yan sanda suka samu mashin ɗin sata a filinka, sunan da za su kira ka da shi ba mai daɗi ba ne. A yi kati mai lamba, wanda ya shigo da mashin shi ke fita da shi, ba aike. A rufe ƙofa ƙarfe 11 na dare, a buɗe bayan asuba, wanda ya makara ya san dokar tun farko. Kar a bar kowa ya kwana a ciki. Na san wannan zai yi maka nauyi, tausayi zai kama ka, amma da zarar mutum biyar sun shimfiɗa tabarma sai ga risho, sai ga sigari, kusa da tankunan fetur 30, bayan shagon da dukiyarka take. Ka sayi tukunyar kashe gobara biyu da bokitan yashi, ka hana sayar da fetur a galan a wurin.

Sannan ka nemi abokan cinikin da doka ba ta kora. Masu kai saƙo da ke hawa babura masu ƙarfin inji 200cc zuwa sama, da akwati a baya da takardunsu cikakku, haramcin acaba bai hau kansu ba. Yawancinsu ƙananan kamfanoni ne masu mashin biyar ko goma, aikinsu a Ikeja yake amma hayar Ikeja ta fi ƙarfinsu. Irin waɗannan biyan wata suke yi, suna son rasit, ba sa tafiya noma. Idan ka samu ko da goma daga cikinsu a kan kuɗin wata da aka biya tun farko, hayarka ta fita ko da me gwamnati ta sanar gobe. Su ma 'yan acaban ka yi musu farashin mako, naira 1,800 a biya ranar Asabar, ka huta da bin bashin naira 300.

Kafin ka miƙa wa mai gida ko sisi, ku rubuta yarjejeniya da ta ambaci cewa ajiye babura za a yi a filin, don kar gobe ya ce bai san da haka ba. Ka je sakatariyar ƙaramar hukuma ka tambayi izinin da ake buƙata, ka tuntuɓi LASPA, duk abin da ka biya ka karɓi rasit. Ka gaisa da baale, wato mai unguwar Yarabawa, da shugabannin ƙungiyar masu gidaje, domin ƙorafin maƙwabta kan ƙarar mashin da asuba shi ya fi saurin kai ka gaban hukuma. Shugabannin 'yan acaba na yankin ma ka zauna da su, su ne za su gaya maka wane yaro ne na kirki.

Ka roƙi mai gidan ya karɓi kuɗin wata shida, naira 300,000. Ka fara da babura 30, kuma duk wata ka ware naira 30,000 a asusu daban da ba za ka taɓa ba sai ranar da wani abu ya ɓace. Bayan wata uku ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, mu duba ko za a ƙara zuwa 40.