Mitar kati za ta rage mini farashin wuta?

Malam, ka tambaya ko sa mitar kati zai ba ka damar komawa rukunin wuta mai araha. A'a, ba kai ke zaɓa ba, layin da ke kawo wuta unguwarku ne ke yanke wannan. A Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki a Najeriya ta ɗaga kuɗin Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin wutar awa 20 a rana.

Amma mitar dai ka sa, ta fi bil ɗin ƙiyasi nesa ba kusa ba. Kunna hita ka tsaya gaban mitar, ka ga yadda jar fitilar nan ke ƙyaftawa da sauri. In layinku na Band A ne kuma ba ya cika awa 20, ku kai ƙorafi kamfanin da ke ba ku wuta, in sun yi biris, sai NERC.