Tambaya da Amsa: Me ya sa walƙiya ba ta fitowa a hotona?

TAMBAYA: Salam Malam, don Allah ina son ɗaukar hoton walƙiya in hadari ya haɗo, amma duk sanda na danna sai in ga baƙi ƙirin kawai, ko kyamarar tawa ce ba ta da kyau?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikas salam ɗan'uwa. Kyamararka lafiyarta ƙalau, yatsanka ne ba zai iya tsere da walƙiya ba, ita fa ba ta cika kai rabin sakan ba, kafin ka danna ta wuce. Dabarar ita ce ka buɗe idon kyamarar ka bar shi yana jira, walƙiyar ce za ta zo ta same shi.

Da daddare abin ya fi sauƙi. Ka ɗora kyamarar kan sandarta mai ƙafa uku don ko ɗan motsi yana ɓata hoton, ka sa ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamarar, a 100, buɗewar lens, wato faɗin ƙofar da haske ke shiga, kamar f/8, shota, wato marufin idon kyamarar, ta zauna a buɗe sakan 10 zuwa 30, in ta rufe ka sake, haka za ka ta yi har ka dace. Fokas kuma, wato saitin da ke sa hoto ya fito tar, ka saita da hannunka kan wata fitila mai nisa, in ka bar wa kyamara cikin duhu lalube kawai za ta ta yi. Mai waya ya ɗauki bidiyo daga baya ya zaɓo inda ta haska, bai kai na kyamara kyau ba amma yana fitowa.

Sai dai don Allah kar hoto ya ja ka fili ko saman bene ko gindin bishiya. In ka ga walƙiya ka fara ƙirga, kowane sakan 3 kafin ka ji tsawar kusan kilomita 1 ne tsakaninku, in ƙirgenka bai kai 30 ba to ka shige ciki ba wani jira, aradu tana iya faɗowa sama da kilomita 10 daga inda ake ruwan. Ni na fi so ka ɗauka daga cikin gini ko mota mai rufin ƙarfe gilasai a rufe, kuma bayan tsawa ta ƙarshe ka ƙara minti 30 kafin ka fita.