Amsa: mai sayen zanen hoto da ya ce ya turo kuɗi fiye da farashi

Malama, kin tambaya ko ya dace ki mayar wa mutumin da ya aiko miki da imel rarar kuɗin da ya ce ya tura bisa kuskure, bayan ya amince da farashin hoton da kika zana ba tare da ko neman ragi ba. Kada ki tura masa ko sisin kwabo, domin wannan sananniyar dabarar 'yan damfara ce da ake ɗana wa masu sayar da zane ta intanet.

Sukan aiko da cek na bogi ko saƙo mai kama da na PayPal (kamfanin tura kuɗi ta intanet), sannan su matsa miki lamba ki biya wani "mai jigilar kaya" daga rarar. Banki yana iya nuna kuɗin a asusunki kafin ya gano cewa cekin na jabu ne, idan kuma ya janye su, abin da kika tura daga aljihunki ya riga ya salwanta.

Ki buɗe asusunki da kanki ki duba, kada ki taɓa mahaɗin intanet (link) da ke cikin saƙon. Mai saye na gaskiya yakan ambaci zanen da yake so, ya tambayi girmansa da irin fentin da aka yi amfani da shi, alhali saƙon waɗannan mutane zai dace da kowane mai zane.