Amsa kan yadda lamunin sayen gida yake aiki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ma'aikaci mai matsakaicin albashi zai iya mallakar gida ta hanyar lamuni, da kuma yadda ake biya. A taƙaice, banki ne ke biyan mai gida kuɗinsa, kai kuma ka riƙa biyan bankin wata-wata, gidan yana matsayin jingina har ka kammala. Idan biya ya gagara, suna da ikon sayar da shi.

A Najeriya hanya mafi sauƙi ita ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992 ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya. Ana cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashinka, kuma bayan wata shida kana zubawa za ka iya neman lamuni da kuɗin ruwa kashi 6 a shekara, a biya cikin tsawon lokacin da zai iya kai shekara 30. Sai dai abin da ya fi kayar da mutane, a ganina, shi ne takardar shaidar mallaka, domin gidan da ba shi da ita ba ya karɓuwa a jingina. In kuwa kuɗin ruwa kake gudu, bankunan Musulunci irin su Jaiz sukan sayi gidan su sayar maka da farashin da kuka amince tun farko.