Na ɗaukaka ƙara, amma ana shirin fitar da ni daga gida

Tambaya: Barista, yau kwana 40 ke nan da Babbar Kotun jiharmu ta yanke hukunci a kan gidan da nake ciki da iyalina, ta ba abokin shari'ata. Mun shigar da takardar ɗaukaka ƙara, kuma wani da ya saba da harabar kotu ya tabbatar mini babu mai taɓa gidan sai an gama. Jiya sai ga ma'aikatan kotu sun manna takarda a ƙofar zaure. Ko runtsawa ban yi ba. Shin doka ta yarda da wannan?

Amsa: Malam, Allah ya kawo mafita. Ta fuskar lokaci ba ka makara ba, domin sashe na 24 na Dokar Kotun Ɗaukaka Ƙara ya ba da wata uku a hukuncin ƙarshe na shari'ar da ba ta laifi ba, da kwana 14 a hukuncin da aka yanke ana tsakiyar shari'a. Sai dai wanda ya ba ka wancan tabbaci ya jefa ka cikin haɗari.

Sashe na 17 na wannan doka ya faɗa ƙarara cewa ɗaukaka ƙara ba ta dakatar da zartar da hukunci. Wanda ya yi nasara yana da ikon cin moriyar nasararsa, ko da takardarka tana ajiye a ofishin rajistara da hatimi da rasit. Wannan kuskure nake cin karo da shi kusan kullum, kuma masu yaɗa shi su ne dillalan da ke zaune a gindin bishiya a bakin kotu, waɗanda ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba, amma suna karɓar kuɗin bayin Allah suna ce musu su je su kwanta. Na taɓa karɓar wani dattijo da ya zo mini da rasit ɗinsa a naɗe cikin leda, yana nuna mini shi da hannu yana rawa, alhali tun da safe an fitar da katifu da tukwanen matansa an jibge a bakin titi. Wata biyu ya yi yana zaune a kan maganar dillali, har ya riƙa kwantar wa 'ya'yansa hankali da ita. Ranar da aka zo, dillalin ko waya bai ɗauka ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, takardar da za ta kare dattijon ba ta wuce aikin yini guda ba.

Abin da ya kamace ka shi ne, gobe da sassafe lauyanka ya shigar da roƙo na daban, na neman a dakatar da zartar da hukuncin har a kammala sauraron ƙarar. A ƙa'ida ana fara kai shi gaban kotun da ta yanke hukuncin, in ta ƙi sannan a tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ba a bayar da shi don tausayi kawai. Dole takardar rantsuwarka ta nuna dalili na musamman, misali cewa in an sayar da gidan ko an rushe shi, nasarar da za ka iya samu nan gaba ba za ta amfane ka da komai ba, kuma hujjojin ƙararka suna ɗauke da batun doka mai nauyi. A tabbatar an miƙa kwafin roƙon ga abokin shari'a da ofishin da ke zartar da hukunci, domin tun shari'ar Vaswani da Savalakh a 1972 Kotun Ƙoli ta nuna ba a yarda wanda ya san akwai irin wannan roƙo a gaban kotu ya yi gaban kansa ba.

Lauyan ya kuma duba kalmomin hukuncin da kyau. Idan kotu ta ayyana mai gida ne kawai ba tare da umarnin a fita ba, babu abin da za a dakatar, sai dai a nemi umarnin hana taɓa gidan. Ka kuma matsa a haɗa kundin shari'ar a tura sama, domin rajistara yana da kwana 60, in ya gaza nauyin ya dawo kanka, ka haɗa ka tura cikin kwana 30, kuma ana korar ƙara saboda wannan sakaci. Ka cire takardar da aka manna a hankali, kada ka yaga ta, kada kuma ka bar matasan gida su yi sa-in-sa da ma'aikatan kotu. Ka kai wa lauyan ita tare da kwafin hukuncin da rasit ɗinka.