Ku Tambaya Mu Amsa: Na'urar Auna Zafi da Danshi Mai Sauƙin Kuɗi

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malami ne a wata makarantar sakandare, ina zaune a Unguwar Rimi, kuma na daɗe ina sha'awar kafa 'yar ƙaramar tashar lura da yanayi a gidana, domin ni da 'ya'yana mu riƙa rubuta zafi da danshin iska a kowace rana. Ƙarfina bai kai na sayen manyan na'urori irin na hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, wato NiMet, ba. Wace na'ura zan fara da ita a cikin ɗaki, kuma shin masu arahar nan abin dogaro ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan niyya ta faranta mini rai ƙwarai, domin yaron da ya saba duba ma'auni da idonsa yana rubutawa a littafi ya riga ya fara koyon kimiyya tun kafin a kira masa sunanta a aji. Masu arahar abin dogaro ne ga aikin da kake nufi, amma da sharaɗi biyu: ka zaɓi wadda za ta iya ɗaukar yanayin Kaduna, sannan ka jarraba ta da kanka kafin ka yarda da lambobinta.

Ya kamata mu fara fahimtar abin da lambar danshi take nufi. Idan na'ura ta nuna kashi 50 cikin ɗari, tana cewa ne iskar ɗakin ta ɗauki rabin tururin ruwan da za ta iya ɗauka a wannan matakin zafi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi iya riƙe tururi: a digiri 20 na ma'aunin Salshiyos iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi tana iya riƙe kimanin giram 17 na ruwa, amma a digiri 30 tana riƙe kimanin giram 30. Saboda haka za ka ga lambar danshi ta hau da asuba ta sauka da azahar, ko da ba a ƙara wa ɗakin ruwa ba kuma ba a rage masa ba. Ka nuna wa yara wannan tun da wuri, don kada su zaci na'urar ce ta rikice.

Sharaɗi na farko shi ne inda masu saye da yawa suke tuntuɓe. Garinmu yana da fuska biyu. A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsaka, danshi yakan haura kashi 80, har ka tarar fumfuna ta kama takalmin fata a ƙarƙashin gado, gishiri kuma ya jiƙe a cikin kwanonsa. A Janairu da Fabrairu kuwa, idan hunturu ya kankama hazo ya rufe gari, danshi yakan faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, lokacin da leɓe yake tsagewa, kaushi ya addabi diddige. Na'urori marasa tsada da yawa ba a yi su domin su karanta ƙasa da kashi 20 ba, sai su tsaya cik a kan lamba ɗaya ko su nuna wasu haruffa a maimakon lamba, alhali watannin hunturu su ne suka fi ban sha'awa a littafin mai lura da yanayi a Arewa. Don haka kafin ka miƙa kuɗi, ko a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ko a shagunan kayan lantarki na titin Ahmadu Bello, ka juya kwalin ka duba iyakar danshin da aka rubuta, ka zaɓi wadda ta fara daga kashi 10 ko ƙasa da haka.

Mafi sauƙin farawa ita ce irin ta ajiyewa a kan tebur, mai allon lambobi da batir ɗan siriri, kamar HTC-1 ko ThermoPro TP50, wadda ita ta biyun tana tuna mafi girman lamba da mafi ƙanƙanta, abin da zai taimake ka idan kana makaranta da rana. Idan kana son lambobin su taru a wayarka, kamfanin Xiaomi yana da wata ƙarama mai kusan girman kwalin ashana, tana aika saƙo ta Bluetooth, tana amfani da batir mai kama da kwabo, wato CR2032, wanda yake yin watanni da yawa. A ganina duk wadda take aiki da batir ta fi dacewa da mu, domin ɗaukewar wuta ba za ta bar maka giɓi a littafi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne jarrabawar gishiri, kuma ina roƙonka kada ka tsallake ta. Ka cika murfin kwalba da gishirin miya, ka ɗiɗɗiga masa ruwa har ya jiƙe kamar yashin bakin kogi, ba tare da ya narke ba. Ka sanya murfin da na'urar a cikin roba mai rufewa gam, ka kula kada ruwan ya taɓa na'urar, ka ajiye a wurin da rana ba ta kai wa, ka bar shi ya kwana. Iskar da ke saman jiƙaƙƙen gishiri tana daidaita a kusan kashi 75, ko ɗakin yana da ɗumi ko yana da sanyi. Ranar da na jarraba nawa guda biyu a cikin robar da ake zuba kunu, na leƙa da safe ta jikin robar kafin in buɗe, na ga ɗaya tana nuna 74, ɗayar kuma 69. Ban yar da ta biyun ba. Na manna mata takarda na rubuta cewa a ƙara mata shida. Wannan gwaji yana tabbatar maka da wuri ɗaya ne kawai a ma'aunin, amma ya isa ya tona asirin wadda ta yi nisa da gaskiya. Ka maimaita shi bayan kowane hunturu, saboda ƙura tana shiga ƙananan hudojin na'urar.

Sai batun wurin ajiyewa, wanda yakan ɓata lissafi fiye da arahar na'ura. Kada ka ɗora ta a kan firji ko talabijin, kada ka sa ta a bakin taga ko kusa da kicin da banɗaki, kuma ka guji bangon da ranar yamma take duka, domin siminti yana riƙe zafi har bayan isha'i. A gidan da yake da rufin kwano, iskar da ke kusa da silin ta fi ta ƙasa zafi sosai a watan Maris da Afrilu. Ka rataye ta a bangon ciki, daidai tsayin ƙirjinka, ka bar ta a nan dindindin, kana karantawa a lokaci ɗaya kullum, misali bayan sallar asuba da kuma ƙarfe uku na rana. Ka kuma tuna cewa abin da ta faɗa labarin ɗakinka ne, saboda haka ba zai yi daidai da abin da NiMet take sanarwa ba, tun da ita a waje take aunawa a cikin inuwa.

TAMBAYA: Ni ɗalibi ne mai karatun injiniyan lantarki, daga Tudun Wada. Na haɗa na'urar auna yanayi ta BME280 da ƙaramin allon kwamfuta na ESP32, amma ba ta ba ni danshi ko kaɗan, nauyin iska kuma tana nuna wajen milibar 943 a maimakon 1013 da na gani a littafi. Ta lalace ne?

AMSA: Ƙanena, lambar nauyin iskar lafiyarta ƙalau. Adadin 1013 na bakin teku ne, Kaduna kuwa tana bisa tudu da kimanin mita 600, kuma iska tana raguwa nauyi yayin da ake hawa, don haka abin da ka gani shi ne ake sa rai. Rashin danshin ne abin dubawa. Kamfanin Bosch yana da na'urori biyu masu kama da juna, BME280 mai auna zafi da danshi da nauyin iska, da BMP280 wadda ba ta auna danshi, kuma sau da yawa ana sayar da ta biyun da sunan ta farkon. Ka karanta lambar shaidar da ke cikinta: 0x60 ita ce BME280, 0x58 kuwa BMP280 ce. Idan za ka canza, ban ba ka shawarar na'urar auna zafi da danshi ta DHT11 ba, domin iyakarta daga kashi 20 zuwa 90 ce, kuma kuskurenta yakan kai digiri 2 a zafi da kashi 5 a danshi. DHT22 ta fi ta nesa ba kusa ba, tana karanta daga sifili zuwa 100 da kuskuren rabin digiri, SHT31 ta kamfanin Sensirion na ƙasar Suwizalan kuma ta fi su daidaito. Kowacce ka ɗauka, ka nisanta ta daga ESP32 da 'yar waya, saboda allon da kansa yana fitar da ɗumi.

TAMBAYA: Ni matar aure ce a Rigasa, ina kiwon kaji. Irin wannan na'ura za ta yi mini amfani a ɗakin 'yan tsaki?

AMSA: Za ta yi, Hajiya, musamman a daren hunturu. 'Yan tsaki suna bukatar digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa ragewa da kimanin digiri 3 kowane mako. Ki nemi mai doguwar waya da ɗan kai a ƙarshenta, ki sauke kan daidai tsayin bayansu, allon kuma ya zauna a waje inda ƙurar dusa ba za ta toshe shi ba. Ki haɗa da duban idonki: idan sun cunkushe a gindin fitila sanyi suke ji, idan kuma sun watse zuwa bango suna haki, sai ki ɗaga fitilar sama kaɗan.